Ƙulli Uku a Jikin Tiyo

Mu huɗu ne a bayan gida ran nan: ni, da 'yata ta fari wadda ba na kama sunanta, da mijinta mai tuƙa motar wani kamfanin gine-gine, sai wani Badamagare mai gyaran famfo da surukin nawa ya ɗauko daga unguwar Shifa. Saura kwana biyu a ɗauki azumi, a shekarun da yake faɗowa tsakiyar zafi. Gidanmu na unguwar Suwaidi a birnin Riyad yana da ɗan fili a baya da aka rufa da kwano, nan nake dafa zoɓo.

Tun maigidana yana da rai nake yi wa mutanenmu zoɓon buɗe-baki, leburori da direbobi da ke taruwa a masallacin unguwa. Mai azumi ba ya ɗanɗana abin da yake dafawa, don haka ni da awo nake aiki. Awon nawa muciya ce da marigayi ya yi wa tsaga uku da wuƙa. Ta farko iyakar ruwan zoɓon da aka tace, ta biyu bayan an zuba na citta da kanumfari, ta uku cikon ruwa. In tsoma ta a tukunya, in ɗago, in shafa da babban yatsa in ji inda lema ta tsaya. Ban taɓa zama a aji ba, amma ba wanda ya taɓa dawo mini da zoɓo ya ce ya yi salam.

Sai gindin tukunyar ya huje. Surukina, Allah ya yi masa albarka, ya je kasuwar gwanjo ya sayo mini wata randar ƙarfe mai sheƙi, irin ta gidajen abinci, doguwa har ƙirjina, da famfo a gindinta. Ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ga wannan, ba sai kina ta sunkuyo ba." Na yi godiya. Da na gwada, na tsoma muciyata kamar kullum, na cika ruwa har tsaga ta uku. Ban lura cikin randar ya fi na tsohuwar tukunya faɗi ba. Abin da ya fito, ko akuya ba za ta ce zoɓo ba ne.

'Yata ta kurɓa, ta ajiye kofi a hankali. "Inna, bana ki huta mana. Ni zan yi."

Wannan maganar nake tsoro. Shekara guda ke nan idona yana rufewa, ina ganin mutane kamar ta bayan gilashin da tururi ya buga, kuma ban faɗa wa kowa ba. Na san yarinyar nan. Ranar da ta gane, ranar za ta raba ni da wuta da ruwan zafi, ta zaunar da ni ɗaki ƙarƙashin na'urar sanyi, a riƙa kawo mini abinci ana yi mini sannu. A garin da mace irina ba ta da maƙwabciyar leƙawa ta katanga, in an karɓe tukunyar nan ban san me zan tashi in yi da asuba ba.

Shi ya sa da surukina ya ce akwai wanda zai sa wa randar ma'auni, ban musa ba.

Badamagaren ya shigo da sallama, da jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Daga muryarsa na ji ya manyanta. Da ya ji ni Bakanuwa ce sai ya yi dariya.

"A'a, ashe gidan bayinmu aka kawo ni. Hajiya, ina kwanan Kanawa?"

Na ce, "Lafiya lau, tunda ga shi mun aika ka zo da gudu. Cire takalminka, nan abin sha ake yi."

Ya cire. Ya kwance famfon randar, ya ɗaura wani ƙarfe mai baki biyu, ya mayar da famfon a baki ɗaya. A ɗaya bakin ya cusa siririn tiyo irin wanda ake ganin cikinsa, ya miƙar da shi a jikin randar har sama ya ɗaure. Ya ce duk inda ruwa ya tsaya a ciki, nan zai tsaya a tiyon, ba sai an buɗe murfi ba. Na tambaye shi ta ina za a wanke shi, don ni ba na shayar da mutane dauɗa. Ya nuna wa 'yata yadda ake zare shi a mayar. Sannan ya ɗauko alƙalami zai rubuta lambobi.

Na ce, "Wa ka ga zai karanta maka? Da bokitina za a auna."

"Kalas, shi ke nan, Hajiya. Yadda kika ce."

Aka ɗauko bokitin da na san yawan cikinsa a tsohuwar tukunya. Surukina yana zubawa, Badamagare yana jan layi. Da aka gama bokiti na biyu, 'yata ta shiga ciki ɗauko tsumma, mijinta ya koma famfon bango tarar ruwa. Mutumin yana tsugune gefena, ya ce, "To Hajiya, duba da kanki. Ina ya kai?"

Ruwa fari, tiyo fari, randa tana sheƙi. Ba abin da nake gani sai haske. Na hangi wani duhu-duhu na ɗora yatsa a kai, na ce, "Ga shi nan."

Daga baya na gane igiyar da ya ɗaure tiyon da ita na nuna, ruwan yana ƙasa da wajen da kusan taƙi guda. Ina jin idonsa a kaina. Ina jin takun 'yata tana dawowa. Na ɗaure fuska irin yadda nake yi wa yaran da suka zubar mini da kaya.

Sai ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya ɗaga murya. "Wannan gwajin banza muke yi. Ai da zafinsa ake zuba zoɓo. Malama, a taimaka a tafasa mana ruwa, in ga ko bakin nan zai riƙe."

Aka zubar da na sanyi, aka tafasa wani a tukwanen girki, aka juye.

Ya ce, "Hajiya, ku Kanawa ba ku yarda da aikin kowa sai kun taɓa. Sa hannu daga ƙasa, ki bi shi a hankali har sama, ki ji ko yana yoyo."

Na sa yatsu biyu a gindin tiyon. Da ɗumi. Na bi shi sama, ɗumi, ɗumi, sai kawai ya yanke, sanyin roba ya karɓa. Na koma ƙasa kaɗan, ɗumi. Na dawo, sanyi. Ga bakin ruwan nan a ƙarƙashin yatsana, sarai kamar lema a jikin muciya.

Na ce, "Ba ya yoyo." Sannan na ƙara da cewa, "Tukuna dai."

Da aka ƙarasa awon layi ya cika uku, ya ce tawadar alƙalami ba ta jure tururi, kwana uku za ta goge. Ya roƙi zaren buhun da aka kawo citta a ciki daga kasuwar Aziziyya, ya naɗa shi a kan kowane layi, ya ja da ƙarfi. Na farko ƙulli ɗaya, na biyu ƙulli biyu, na uku ƙulli uku, manya-manya yadda yatsa ba zai wuce su bai sani ba. Surukina yana dariya yana cewa aikin ƙauye a tsakiyar Riyad. Badamagare ya ce ai daidai da masu gidan ya yi.

Da zai tafi na raka shi har bakin ƙofa, abin da ba na yi wa kowa. Yana sa takalmi ya ce ƙasa-ƙasa, "Tsohuwata ma ta yi irinsa a Damagaram. Aka kankare mata yanar idon, ta dawo tana zura zare a allura." Bai jira amsa ba ya yi gaba.

Washegari bayan na idar da sallar asuba na ɗora zoɓo. Da ya dahu na kira 'yata, na ce, "Ke, zo ki tsaya nan." Na ja mayafina na rufe fuska ruf. Na ce ta juye tataccen, ina riƙe da tiyo, da ɗumi ya taɓa ƙulli ɗaya na ce tsaya. Ta zuba ruwan citta, na tsayar da ita a ƙulli biyu. Ta yi ciko, na tsayar da ita a uku. Na zuba sukari da kwanona, na juya, na tara kofi a famfo na miƙa mata.

Ta sha. Ta ce, "Shi ne, Inna."

Na yaye mayafin. "To kin gani da idonki, ba da ido nake yi ba. Saboda haka ba mai taɓa mini randa. Yanzu ki gaya wa mijinki ya nemi rana ya kai ni wajen likitan ido."

Ta ajiye kofin. Can ta ce, "Inna, wa kike zato yake sake tsince zoɓon in kin shiga sallah?"

Na ce mata rashin kunya ne tsince abin da uwa ta tsince, ta miƙo mini gora. Na cika ta farko da hannuna, na ɗaure bakinta da ragowar zaren buhun, na ba surukina na ce ya biya ta Shifa kafin ya wuce aiki, ya ce wa Badamagare in ji Kanawa, ya sha ya ji yadda ake yi.