Motar da Ba Ta da Hannu

Shekarar da Mama ta rasu na ɗauko Baba daga Kafanchan na kawo shi wurinmu a Woodbridge, can ƙasar waje. Ya yarda ne bisa sharaɗi: kafin sanyi ya shigo zai koma. Ya koma wurin wa? Gidan ba kowa sai bishiyar mangwaro da kujerar Mama. Na san idan ya koma kaɗaici ne zai ƙarasa shi, amma tun ina yarinya ban iya musu da Baba ba, kuma tsufa bai rage masa taurin kai ba. Ko akwatinsa ƙin kwancewa ya yi, ya jingine shi bayan ƙofa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, da jijjifi nake fita don in riga cunkoson babbar hanya, sai raka 'yata wurin motar makaranta ya zama aikinsa. Amaryarsa yake kiranta. Yana yi mata Hausa tana mayar masa da Turanci, kuma ban taɓa jin sun saɓa ba.

Wata ranar hutuna na bi su. Lokacin ganyaye sun fara juyewa ja, ciyawa ta jiƙe da raɓa. Motar ta ɓullo daga kwana, doguwa, ruwan ɗorawa. Jajayen fitilunta suka fara ƙiftawa, wani jan allo ya miƙo daga gefenta kamar hannu. Sai titin gaba ɗaya ya tsaya, masu zuwa da masu tafiya. Ba hon, ba zagi. Har yau idan na rufe ido ina ganin wani ganye yana saukowa a hankali cikin shirun nan, 'yata tana takawa da jakarta, ba ta ko waiwaya ba.

"Kin gani?" Baba ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Kullum haka suke yi. Manya da motocinsu, su tsaya cak don yaro ya wuce."

Shi da ya ƙarar da ƙarfinsa yana koyarwa a wata firamare ta bakin titi, yana tsallakar da yara da ihu da sanda. Wannan 'yar tsayuwar ce kaɗai na ga tana haskaka masa fuska tun bayan Mama.

Ana cikin haka muka mayar da yarinyar wata ƙaramar makaranta. Su farar mota suke turowa, tana tsayawa a ɗaya gefen titin. Ranar farko Baba ya riƙe hannun amaryarsa yana jiran fitilu. Motoci suka yi ta wucewa fyu, fyu, ba wanda ya dube su. Da na dawo aiki na tarar da shi ransa a ɓace.

Na yi masa bayanin da aka yi mini a makarantar. Ba duk motar da ta ɗauki ɗalibai ce motar makaranta a wurin doka ba. Sai wadda aka ƙera don hakan, mai cin fiye da mutum goma, mai launin nan da fitilun nan da allon nan. Wannan farar ƙarama ce, a idon doka daidai take da tawa. Ba wanda aka wajabta wa ya tsaya mata.

"To yarinyar ce ta canza?"

"A'a Baba, motar ce."

"Ashe motar suke tsaya wa," ya ce, ya shige ɗaki.

Abu ɗayan da ya ƙulla shi da ƙasar nan ya tsinke, ga shi iska ta fara cizo. Na shiga jiran ranar da zai ce in nema masa jirgi.

Da hutuna ya sake zagayowa na kasa bin su, sai na tsaya a taga. Ƙanƙarar farko ce ke sauka, fara sol, siririya kamar garin da ake tankaɗewa. Farar motar ta iso. Baba, da kwat ɗin mijina a kan kaftaninsa, ya tako bakin titi ya ɗaga tafin hannunsa, daidai yadda na san shi da yi ina ƙarama. Mota ɗaya ta rage gudu ta tsaya. Ta bayanta ma ta tsaya. Wata farar tsohuwa ta ɗago masa hannu daga bayan sitiyari. Ba doka ce ta tsayar da su ba, tsohon nan ne. Ina daga taga na yi kuka na ƙoshi.

Da yamma na tattaro ƙarfin hali na ce, "Baba, maganar tafiyarku fa? Ga sanyi ya shigo."

Ya dube ni kamar na yi shirme. "Wace tafiya? Motar nan ba ta da hannu. In na tafi wa zai miƙa mata?"

Ya murza yatsunsa da sanyi ya busar. "Ke dai ki samo mini safar hannu. Ja, in akwai."