Baba Lombe da Lamba 417

Ranar Talata, sha huɗu ga Mayu, da rana tsaka, wasu samari biyu suka shiga gidanka a garin Luanshya suka fasa maka kai da guduma. Baba Lombe Kaunga, a kan gwangwani ɗaya na tagulla aka kashe ka.

Shekara talatin kana tsaron allon lambobi a bakin ramin haƙar tagulla. Kowane mahaƙi yakan karɓi lambarsa ta tagulla ya sauka, in ya fito ya maido maka ka rataye. Ƙusar da ta yini babu lamba, mai ita yana ƙarƙashin ƙasa. Lambobin waɗanda aka fito da su a makara kuwa, kai ka tara su cikin gwangwanin nan a gidanka. Kowace Lahadi kana goge su da toka da lemon tsami, kana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da dutse ya rufto wa ɗana Chomba, ya niƙe shi har fuska ba ta ganuwa, da lambarsa aka shaida shi: 417, a lanƙwashe. Ka kawo min ita har gida. Na jefe ka da ita, ta tsaga maka gira.

Na ce, "Ɗa na ba ku, tsohon banza, ba kwabo ba!"

Ka share jini ka ce, "Uwar Chomba, wannan saiti haka? Zan ajiye miki, ba ta ruɓa."

Shekara tara ina cewa gobe zan je in karɓa in nemi gafararka. Girman kai ya hana ni.

Ranar da aka kashe ka, jama'a sun cimma ɓarayin a bakin kasuwa, suna ɗauke da gwangwanin. Ɗaya ya tsere da karyayyen hannu, ɗayan aka yi ta jifansa da bulo har ya daina motsi. Gwangwanin ya fashe, lambobin suka watse cikin jininsa. Nan na durƙusa ina tonawa har na sami tawa.

Ku masu guduma da ku masu bulo, duk ban yafe muku ba. Wanda kuka farfasa ma wata ce ta haife shi. Baba Lombe da toka yake wanke lambobin nan, ku kun wanke su da jini.

Na karɓa, Baba Lombe, sai dai ba daga hannunka ba. Ka yafe mini.

Allah ya jiƙanka, ya ba ka hutun da ba ka samu a ƙarshenka ba. Ya ba 'yarka Kasuba da jikokinka haƙuri. Sauran lambobin suna wurina, ranar Lahadi zan kira sunayensu, in fara da naka.