Maɓallin da Kawu Isaka ya cire

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Kawu Isaka, mai gyaran rediyo a unguwar Nima, kuma ban tabbata ni ne ya dace in yi rubutu a kansa ba. Ni mutum ne da kan goge jimla sau uku kafin ya bar ta. Shi kuwa bai iya janye hannu ba.

Wani ma'aikacin jirgin ruwa daga Tema ne ya bar masa tsohuwar kwamfuta, irin wadda ake haɗawa da talabijin a ɗora mata wasa daga kaset. Wasan ces ne, darar Turawa. In an kai ta mataki mafi wuya, takan yi awa guda tana tunani kafin ta motsa soja ɗaya. Kawu yakan je salla, ya gyara rediyo, ya dawo ba ta gama ba. Saboda yawan ɗauke wuta, ya ajiye allon katako a gefe yana kwafe wasan.

Ina jami'a lokacin da na nuna masa maɓallin da ke mayar da motsi in mutum ya yi kuskure. Sai ya sa sukundireba ya ɓamɓare shi. "Ɗana, a dandalin dara na Maamobi, in ka motsa ɗan wasa ka ɗaga hannu, ka ɗaga ke nan. Magana zarar bunu ce." Abokansa kan tsokane shi: "Isaka, akwatin ya sake cin ka?" Sai ya ce, "Ya ci ni, amma ban roƙe shi ba."

Ya rasu ya bar wasa a tsakiya a kan allon. Bara na jera wasan a manhajar ces ta wayata, nan take ta ce an riga an ci Kawu. Me zai ce da injin da ba ya ko jinkiri? Ina jin, ko da yake ba ni da tabbas, maɓallin nan zai fara nema ya cire.

Makon jiya 'ya'yansa suka kira masu sayen tsohon ƙarfe. Matarsa, Mma Adiza, ta dube ni: "Kai mai digiri, faɗa mana, tarkace ne ko ba tarkace ba?" Kowa na jira in ce wataƙila. Na ce ba a sayarwa. Babban ɗansa ya yi dariya: "Akwatin da ya yi ta kunyata Baba za ka adana?" Na rungumi kwamfutar da allon na shiga motar haya, trotro.

Kawu bai bar gida ba, bai bar kofin nasara ba. Abin da ya bari ɗan rami ne a jerin maɓallai, kuma ban yarda kunya ce ba. Tun ranar, sau biyu na ɗauki waya in ba ɗansa haƙuri, in ce zan mayar. Sau biyu na ajiye. Na riga na ɗaga hannu.