Marar Tuwo Ta Biyar

Shekara uku na yi ina sallah a kan kujerar roba a masallacin unguwarmu a Tudun Wada. Ba tsufa ne ya zaunar da ni ba, ƙiba ce. Tun da na bar noma na koma sarin masara na daina taka ƙasa. Babur ya kai ni kasuwa, babur ya dawo da ni, tumbi kuwa sai gaba yake yi, har gwiwoyina suka ce sun gaji. In liman ya yi sujada sahu duka ya tafi ƙasa, ni kaɗai nake saura a sama kamar mai gadin takalma. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Ba abin da nake so a duniya irin in sake jin sanyin tabarma a goshina.

Malamin asibiti ya ce in rage nauyi, amma a hankali. Ni kuwa ban san a hankali ba. Ina shiga gida na yi shela cewa daga yau ba tuwo ba fura, sai ruwan zafi da lemon tsami. Mai ɗakina tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce Allah ya ba da iko. Kwana huɗu na yi. A na biyar, ina dawowa daga Bebeji, na tsaya a Kwanar Ɗangora na ci tsire da gurasa har mai naman ya fara leƙen bayana ko da jama'a nake tafe. Na shigo gida da ƙuli-ƙuli a gemu, na ce a dawo mini da tuwona, malmala uku kamar yadda na saba tun ina saurayi, kuma kada wanda ya ƙara yi mini zancen ƙiba.

Ta dawo da shi. Kullum bayan magariba sai na buɗe kwano na ƙirga, don na san halinta: ɗaya, biyu, uku. Sauran canje-canjen dai na gan su, na kuma yi ta mita a kansu. Miya ta yi yawa, kabewa da alayyafo kamar za a ciyar da unguwa. Kafin tuwo ya iso sai an turo mini kwaɗon zogale. Sukarin fura yana ta ja da baya, in na yi magana ta ce nonon Bafulatanar da ke kawo mana yana da gardinsa. Bayan la'asar kuma ta ce in taimaka in leƙa mata gonar wakenta, gonar da babur ba ya iya shiga hanyarta. Ina tafiya ina ƙunƙuni, ina dawowa ina ƙunƙuni.

Da aka ci shekara da wani abu sai zariyar wandona ta fara yi mini tsawo. Na soma tsayuwa da ruku'u ba kujera, sujada kaɗai ke gagara ta. Na riƙa cika baki a tsakar gida, wai ku ga ikon Allah, mutum bai rage ko loma ba amma yana zubewa. Ita dai sai ta ce, "Haka ne, Alhaji," ta ci gaba da tuƙinta.

Da lokacin kaka ya zo, mai ɗakina ta rasu bayan jinyar mako guda.

Matar ɗana ce ta karɓi girki. Ranar farko ta kawo malmala uku, na kasa cinye biyu. Raina dama a ɓace yake, na hau ta da faɗa, na ce ni ɗan ƙodago ne da za ta jibgo mini wannan uban tuwo? Ta durƙusa ta ce, "Baba, da marar kowa na kwasa. Taka Inna ce ke ajiye ta."

Ta shiga ɗakin marigayiyar ta fito da wata tsohuwar kwalla. A ciki akwai marar kwasar tuwo guda biyar, an jera wata a cikin wata, kowace ta fi ta bayanta girma da abin da bai kai faɗin yatsa ba. Ta ce duk bayan 'yan watanni Inna kan samu sakaina ta zauna da wuƙa ta feƙe sabuwa, ta kuma hana kowa ya gaya mini. Huɗu sun yi duhu, sun sha tuwo. Ta biyar, 'yar ƙaramar, fara ce tas, sawun wuƙa na nan a bakinta. Ba ta taɓa shiga tukunya ba.

Na daɗe riƙe da ita. Ashe duk ƙirgar da nake yi ina jin ni ne mai wayo, ita tana can tana lallaɓa ni kamar yaron da ake yayewa. Kewar marigayiyar ta taso mini. Da ƙyar na miƙa wa yarinyar na ce daga yau da wannan za ta riƙa kwasar nawa. Zogalen ma na ce a ci gaba, gonar waken kuma ban fasa zuwa ba, ko da yake an riga an girbe shi.

Wata huɗu bayan haka, a sallar asuba, na ture kujerar gefe. Liman ya yi kabbara na bi sahu har ƙasa. Tabarmar tana da sanyi kamar yadda na bar ta. Ana sallamewa ban tsaya gaisawa da kowa ba, na nufo gida da sauri, na wuce zaure, na ratsa tsakar gida. Sai da na yi sallama a ƙofar ɗakinta sannan na tuna.