Mai Kafa wa Ƙasa Ƙusa

Shekara ashirin da huɗu babanmu ya yi yana kafa wa ƙasa ƙusa, amma har gobe gwaggonmu ce wa mutane take ƙanenta kafinta ne. Ya gyara mata har ya gaji.

Ga yadda aikin yake. Idan aka haƙa rami mai zurfi don tushen babban gini, bangon ramin yakan nemi ruftawa. Baba ne zai zo da injin huji, ya huda bangon a karkace, ya zura dogon rodi, ya ɗura ruwan siminti, sannan a shimfiɗa raga a fesa kankare. Sai ya kama, kafin a ƙara zurfi. Da gini ya tashi, duk aikin nan ya shige ƙasa, babu abin da zai nuna wa jikokinsa.

Ba abin da ke ƙona masa rai irin gaggawa. A wani aiki da ke jikin makaranta, shugaban ma'aikata, wanda suke kira Maza-Maza, ya sa mai katafila ya ci gaba da haƙa alhali simintin jiya bai kama ba.

"Kwana uku nake so," in ji Baba.

"Kwana uku muna kallon bango? Ai ƙasar nan tauri gare ta."

Baba ya damƙo ƙasar, ya murza, ta zube ta tsakanin yatsunsa. "Wannan ce mai taurin?"

Maza-Maza ya juya masa ƙeya. Sai Baba ya jawo kujerar roba, ya dasa ta gaban katafila, ya zauna ya buɗe kwanon abincinsa. Kafin rana ta raba aka kore shi.

A kanmu ya sauke fushin. Ya zagaya katangar gida, ya ce ta karkace, ya hana Mama shanya a kanta.

"Malam, katangar nan ta girmi aurenmu," in ji ta. "Don Allah ka nemi wuri ka zauna."

Rana ta huɗu aka yi ruwa. A wurin aikin, gefen da aka haƙa ya zame, ya binne janareta da banɗakin ma'aikata. Allah ya taƙaita, ba kowa a ciki, sai dai filin wasan makarantar ya tsage. Injiniyar aikin ta zo har ƙofar gida da kanta ta ba shi haƙuri, ya koma. Wanda ya fara tarbarsa a bakin ramin Maza-Maza ne.

"Gyaran nan zai kai yaushe?"

"Wata biyu."

"Ba za a iya a sati uku ba?"

Baba ya wuce shi, ya nufi injin huji.

Bara ya ajiye aiki, ƙarar injin ta cinye masa kunne ɗaya. Yanzu in za mu kai shi asibiti sai mun sake hanya, don da ya hango rami zai sa a tsai da mota, ya je ya leƙa, ya dawo yana tsaki, mu kuwa layin likita ya wuce mu.