Dokin Ƙofar Mastoro Anestis

A ƙauyenmu Agriliya ba ka jin kowa ya ce "dandalin wasan mutanen da" sai baƙi masu yawo da littafi a hannu. Mu Matakala muke ce masa, don abin da ido ya gani ke nan: layi talatin da biyu na mazaunin farin dutse a ƙugun tsauni, sun zagaye fili rabi. Kakanninmu kuwa ba su ɗauke shi komai ba sai wurin ɗibar dutse kyauta. Duk mai gini sai ya kora alfadarinsa can.

Shekara talatin da ɗaya Anestis Karavelas ya yi yana gyara wannan ɓarna. Mastoro muke kiransa, kamar kowane gwanin aikin hannu, amma shi ya ci sunan. Aikinsa haɗa fasassun duwatsu. Zai shafa bakin karaya da tafin hannu, ya lumshe ido, bayan wata uku ya tsinci ɗan uwan dutsen a cikin ciyawa. Yana da doka ɗaya, da ita ya addabi duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa: in an haɗa biyu, sai ya zura takardar naɗe taba a tsakani. In ta shige, ba 'yan uwa ba ne, ko da tsawo da faɗi sun yi daidai. Irin waɗannan sai ya rubuta musu lamba da jan fenti a kai su bayan Matakala, wurin da ma'aikata ke kira filin marayu. Mutum ne mai taurin kai, ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ban taɓa jin an kama shi da kuskure ba.

A layin farko, daidai tsakiya, akwai kujerar babban baƙo, mai majingina da ƙafafu irin dagin zaki. Rabinta ne kawai ya saura. Ranar da Anestis ya fara ɗora hannu a kan dagin nan, yana ɗan shekara talatin da huɗu, sai da ya sake shafawa. Ya san wannan dagi. Tun yana rarrafe yake shafa ɗan uwansa a ƙarƙashin shafen farar ƙasa, a gefen dokin ƙofar gidansu, gidan da kakansa ya gina. Ya koma gida ya auna da igiya, ya sake aunawa. Daidai wa daida.

Matarsa Argiro kaɗai ya faɗa wa. A kan dutsen nan take zama kullum da yamma tana ɓarar wake, duk shekara kuma kafin Ista sai ta sake shafe shi da farar ƙasa. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta tuna masa abin da ya sani sarai: in aka zo ɗaukar dokin ƙofa za a duba bango, bangon nan kuwa rabinsa daga Matakala ya fito, hukuma ba za ta bar shi a tsaye ba.

"In ka gaji da ni ka faɗa min kawai, Anestis," ta ce, ba ta ko ɗago kai daga kwanon wake ba. "Amma muddin ina numfashi, zakin nan a ƙofata zai kwana."

Haka ya yi shiru shekara ashirin da tara. Da safe ya tsallake rabin kujera ya fita, ya je ya yini yana kallon ɗaya rabin. Ya haɗa duwatsu fiye da dubu, amma wanda yake so bai haɗa ba, abin kuwa ya ci shi a rai ba kaɗan ba. A shagon gahawa, maƙwabcinsa Lambros mai awaki yakan tsokane shi, wai ga mai ɗaura auren duwatsu ya kasa sama wa kujerar sarki mata. Anestis sai ya kurɓi gahawarsa ya kalli titi.

Argiro ta rasu a lokacin tsinkar zaitun. Aka yi addu'ar arba'in, aka raba dafaffiyar alkama a ƙofar coci, shekara ta zagayo. 'Yarsu Fotini ta dame shi ya koma birnin Patra wurinta, ya ƙi. Saura masa wata biyar ya ajiye aiki, idonsa na dama ya fara hazo. Wata safiya ya je wurin Kiriya Danai, masaniyar kayan tarihin da ke shugabantar aikin, sa'ar 'yarsa ce, ya faɗa mata komai. Ta ajiye alƙalami ta ce masa in ta rubuta wannan magana, ba ta da ikon tsayar da abin da zai biyo baya. Ta ba shi mako guda ya yi tunani, ta ce har yanzu ba ta ji komai ba.

"Rubuta, 'yata," ya ce. "Mai zama a kai ta tafi. Bari in gama abu ɗaya kafin idon nan ya rufe."

Ni dai har gobe ina jin haushinsa kan wannan. Da aka kankare shafen bangon, sai ga mazaunai arba'in da uku a jere, wasu har da haruffansu. Aka ba shi takardar rushe gida, aka ba shi diyya, aka sauke jan rufin, aka sare kurangar inabin da Argiro ta shuka don mota ta samu hanya. Shi da kansa ya tsaya yana nuna wa ma'aikata yadda za su zare kowane dutse kada ya gutsure, kamar gidan wani ake rushewa.

Dokin ƙofar aka ciro a ƙarshe. Rabin gari ya biyo motar zuwa Matakala, har limamin coci da Lambros. Aka sauke dutsen kusa da kujerar, aka juya gefen da ya shekara ɗari a cikin bango. Anestis ya durƙusa ya kai hannu. Bai lumshe ido ba, don babu abin lalube. Babu bakin karaya. Kakansa ya sassaƙe gefen da cizal, sumul kamar fuskar tebur, don ya zauna daram a jikin gini. Aiki mai kyau, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da aka matso da su, ba takardar taba ba, hannun mutum ma shiga yake a tsakani.

Kiriya Danai ta durƙusa kusa da shi, ta yi ƙasa da murya. Ta ce awo ya yi daidai, dagi ya yi daidai, ruwan dutsen ma iri ɗaya ne. Za a iya cike tsakiyar da sabon dutse, ana yin haka a wasu wurare, ita kuma za ta sa hannu in shi ya sa. Ta kusa yin kuka tana roƙonsa. Anestis ya sake zura hannu a tsakanin duwatsun. Kowa ya san kujeru biyar irin wannan ne a layin farko a da, huɗu sun ɓace gaba ɗaya, ƙafar kuwa za ta iya zama ta kowace.

"Ba zan iya rantsuwa a kai ba," ya ce. "Miƙo min fentin."

Ya rubuta lamba a gefen dagin zaki, aka kai dutsen filin marayu. Ba tsuntsu ba tarko. Lambros ya cire hularsa ya bi hanyar gida.

Yanzu Anestis yana Patra, a hawa na huɗu, ɗakin da tagarsa ke kallon bangon wani bene. Fotini ta ce ba ya cin abincin kirki, ba ya kuma son a yi masa zancen gari. Sau ɗaya ya zo, ranar Asabar ɗin tunawa da mamata. Bai shiga Matakala ba, bai kalli filin da gidansa yake a da ba. Ya zagaya baya da sandarsa yana bin lambobi da ido ɗaya har ya sami dutsen a cikin ciyawa. Ruwan sama ya wanke farar ƙasar Argiro tas. Ya zauna a gefen dama, inda ya saba zama, ya bar wurinta, har direban motar haya ya gaji da jira ya danna masa ham.