Ɗanmalam Mai Fassarar Majigi, Wanda Na Zarga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Fabrairu, 1974, Allah ya karɓi ran Ɗanmalam mai fassarar majigi a gidansa da ke Kwantagora, bayan jinyar kwana tara. Ɗanmalam, ni ne Tanimu tela, wanda duk gari ya san bai taɓa yarda da kai ba.

Shekara takwas kana tsayawa gefen farin ƙyalle kana juya mana Turanci. In aka sa fim ɗin jarumin nan mai tashi sama da mayafi a wuya, sai ka ce, "Jama'a, igiya ce ke riƙe da shi, gobe ma sai matarsa ta gasa masa baya." In harsashi ya ƙi huda shi, ka ce faranti ya cusa a riga. Mutane su yi ta dariya, ni kuwa raina bai kwanta ba. Bature ya furta kalma uku, kai ka zuba talatin? Haba! Har goron da kake raba wa tsofaffi na ɗauka toshiyar baki ce.

Na ɗauko Malam Jacob mai koyar da Turanci, na zaunar da shi a gaba. Ya tabbatar mini babu igiya babu faranti a bakin Baturen. Na kai ƙararka wurin masu majigin, suka sallame ka. Wallahi ranar daɗi na ji.

Wanda ya gaje ka ya faɗi abin da ke cikin fim daidai: mutumin tashi yake, kuma ba ya jin ciwo. Ba a yi sati ba 'yata Ruka, mai shekara bakwai, ta ɗaura zanen uwarta a wuya ta diro daga kan rumbu. Kai ka ɗauke ta a kekenka zuwa wurin mai ɗori. Na zauna jiran ranar da za ka goranta mini, har gaisuwarka nake juyawa ina neman habaici a ciki. Shekara biyu ba ka ce komai ba, ni kuma ban nemi gafararka ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ke kuma matarsa Asibi, Allah ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ruka ce za ta kawo miki wannan takarda. In kin ga yadda take ɗingishi, don Allah ki yafe mini a madadinsa.